Yadda Ake Kula da Tsohuwar Bindigar Soja Mai Cin Harsashi Ɗaya Idan An Gaje Ta

A ƙauyukan Kano da Jigawa ba abin mamaki ba ne a zo rabon gado, ko a zo sauke rufin tsohon soron da damina ta cinye, a tarar da bindiga maƙale a tsakanin azara, an naɗe ta da tsumma ko buzu. Galibi harba-ka-ruga ce ta farauta, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Amma jefi-jefi akan ci karo da bindigar soja ta ƙarni na 19, wadda ake buɗewa ta baya a saka harsashi ɗaya tak, a harba, a fitar da kwanson, sannan a saka wani. Irin wannan bindiga tana iya shafe shekara ɗari a cikin duhu ba ta yi wata mummunar lalacewa ba, amma ta lalace a yini guda a hannun magajin da ya ƙudura aniyar gyara ta. Na ga haka a gidanmu. Bayan rasuwar kawunmu aka sauko da tasa daga rufin shigifa, kafin manya su gama shawara wani ƙaninmu ya zauna a gindin darbejiya da samfefa ya goge ta har tana ƙyalli, yana jiran a sa masa albarka. Tambarin da zai gaya mana inda aka ƙera ta da shekarar ƙirar ya bi ƙurar da ke kan tabarma, sai rabin kambi ya rage.

Abu na farko shi ne a ɗauka tana da ɗuri, ko da wanda ya ajiye ta ya rasu tun zamanin En'e. A fitar da yara daga ɗakin, a juya bakinta ga bangon ƙasa mai kauri wanda babu kowa a bayansa, kuma kada yatsa ya kusanci kunama. Albarushi na da ba ya mutuwa don tsufa matuƙar bai jiƙe ba, saboda haka tsufan bindiga ba hujja ba ce ta sakin jiki da ita.

Yadda ake duba cikinta ya danganta da irinta. Idan ƙirar Martini ce, za a ga hannu na ƙarfe a bayan kunama ta ƙasa, wanda in an danna shi ƙasa murfin da ke sama zai nutse ya buɗe mazaunin harsashi. Snider kuwa murfinta kamar ƙyaure yake, yana buɗewa zuwa dama bayan an ɗan ja gudumar baya. Gras ta Faransa sakata gare ta, wadda ake ɗagawa a ja baya. Remington ana ja gudumarta baya gaba ɗaya, sannan a mirgino murfin. In ya buɗe, sai a leƙa ta baya a ga ko haske yana ratsawa har baki. In haske bai ratsa ba, ba lallai ne harsashi ya tare ba, domin zanzaro yana son bututun bindiga ƙwarai, yakan cika shi da laka ya yi gida. Duk da haka, ɗaukar da za a yi mata ita ce ta mai ɗuri har sai an tabbatar. Idan murfin ya cije da tsatsa kada a buga shi da guduma. Mai ɗuri ta baki kuma ana auna ta da siririn sanda na itace: a zura shi a hankali har ya tsaya, a yi alama daidai baki, a zare shi a jera a jikin bututun ta waje. In ya gaza kaiwa inda wuta ke shiga da kamar faɗin yatsa biyu ko fiye, akwai abu a ciki. A nan aikin mai gida ya ƙare. Abin da ya fi kowane haɗari shi ne a kai wa maƙeri ya sa gindinta a wuta wai don ta saki, domin in akwai ɗuri zafin ne zai tayar da shi, kuma mai zuga ne ke zaune a gabanta.

Kafin a taɓa tsatsa ko ɗaya, sai a daidaita da hukuma. Mutane da yawa suna zaton bindigar da ta tsufa ta fita daga hurumin doka, alhali wanda aka tare da ita a shingen bincike ba za a tambaye shi shekarunta ba, takarda za a nema. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta ta 1959 ce, ta kasa bindigogi gida uku. Masu ɗuri ta baki kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinsu. Na amfanin kai, irin su bindigar harbin tsuntsu, suna ƙarƙashin Sufeto Janar. Kashi na uku su ne haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigogin soja masu awon harsashi .303, tare da tanadin ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda ya riƙe su ba izini. Wannan ya shafi maganarmu kai tsaye, domin daga 1895 Ingila ta sauya wa ɗimbin bindigogin Martini bututu zuwa .303, aka kira su Martini-Enfield, kuma a ido kusan ɗaya suke da na asali. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a sanar da mai unguwa, shi ya kai ga dagaci, sannan babban gida ya je ofishin 'yan sanda na yankin da hoton bindigar a waya, ya bar ita kanta a gida a kulle, ya nemi a gaya masa matsayinta da abin da ake bukata. Duk abin da aka yanke a karɓi takarda a kai. Kada a goya ta a babur a shiga gari, musamman a wannan zamani da kalmar ɗan bindiga ta sauya ma'ana, ta bar masu buga albarushi a hawan sallah ta koma kan mutanen daji.

Akwai kuma haƙƙin magada. Bindigar tana cikin dukiyar mamaci, saboda haka wanda ya sauko da ita daga rufi bai mallake ta ba, kuma ba shi da ikon sayarwa ko gogewa har sai an raba ko an yarje masa.

Bayan wannan sai karatu, wanda a wurina shi ne mafi daɗin aikin. A shimfiɗa farin zane a inuwa mai haske, a kwantar da ita, a ɗauki hotonta gaba ɗaya ta kowane gefe, sannan a bi kowane rubutu da tambari a ɗauka daga kusa. Rubutun da ya dushe yakan fito idan aka haska tocila daga gefe, hasken ya kwanta a jikin ƙarfen, ko a shafa farin alli a share na sama a bar wanda ya shiga ramin haruffan.

Martini-Henry ita ce aka fi sani. Sojan Ingila ya karɓe ta a 1871, kuma sunanta na mutum biyu ne: Friedrich von Martini na Suwizalan, wanda ya kyautata tsarin murfin, da Alexander Henry na Sikotilan, wanda ya tsara zanen cikin bututun mai layi bakwai da ke murɗa harsashi. Tsawonta ya kai kamar santimita 124, nauyinta kusan kilo 4. Da ita Turawa suka yi yaƙin Zulu a 1879. A gefen dama na akwatin ƙarfenta za a ga kambi, a ƙarƙashinsa V.R., wato Sarauniya Biktoriya, sai sunan masana'anta, ko dai Enfield ta gwamnati ko BSA ta Birmingham ko LSA ta Landan, sai shekara, sai lambar Rum daga I zuwa IV da ke nuna zubin. Zubi na huɗu an fi gane shi da dogon hannu, wanda aka ƙara wa tsawo saboda kwanson farko na siririyar tagulla ce da aka naɗe, yakan maƙale in bindiga ta yi zafi, soja ya rasa yadda zai fitar da shi ana tsakiyar yaƙi. A wannan gefen dai akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar ɗigon ruwa da ke nuna ko an ɗana ta. Alamar kan kibiya mai ƙafa uku tana nufin kayan gwamnatin Ingila ne. In kibiyoyin biyu ne suna fuskantar juna, an sayar da ita daga hannun soja bisa ƙa'ida. Haruffan DP kuwa suna nufin an yanke mata hukuncin fareti kawai, soja da kansa ya hana a harba ta.

Snider ta girme ta. A 1866 aka ɗauki tsofaffin bindigogin Enfield na 1853 masu ɗuri ta baki aka yanke bayansu aka sa murfin da Ba'amurke Jacob Snider ya ƙirƙira, shi ya sa za a iya ganin shekarar da ta gabaci 1866 a jikinta ba tare da ta zama ta jabu ba. Gras za a ga an rubuta Mle 1874 a jikinta, tare da sunan garin da aka ƙera ta, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, a rubutun Faransanci mai lanƙwasa. Ga mutanen Maigatari, Gumel, Babura da sauran garuruwan bakin iyakar Nijar, bindigar Faransa ba baƙuwa ba ce. Remington ƙirar Amurka ce, amma Masar ta sayi da yawa don sojanta, kuma dubbai daga ciki sun faɗa hannun mayaƙan Mahadi a Sudan bayan an murƙushe rundunar Masar da Baturen Ingila Hicks Pasha ya jagoranta a 1883. Wanda ya ga lambobin Larabci a jikin Remington to ya duba ta wannan fuskar, domin hanyar gabas, ta Wadai da Borno, tsohuwar hanyar alhazai da fatake ce, ita ce kuma Rabe, mayaƙin da ya ci Borno, ya biyo kafin Faransawa su kashe shi a Kusuri a 1900.

Dalilin da ya sa waɗannan suka yi ƙaranci a ƙasarmu alhali harba-ka-ruga ta cika ko'ina yana da alaƙa da yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ƙasashen Turai suka taƙaita sayar wa mafi yawan Afirka bindigogi na zamani, suka bar ƙofa a buɗe ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka in aka ga ta soja ta gaske a ƙauye, tana da labarin yadda ta iso.

Sai dai a yi hattara da labari. Kusan kowane gida zai ce da tasu aka tare Nasara ranar da Kanar Morland ya shiga Kano a watan Fabrairun 1903, ko ranar da Sarkin Haɗeja Muhammadu ya yi shahada a 1906. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuwa ƙarfen da kansa zai ƙaryata. In an ga haruffan ELG a cikin zobe mai siffar ƙwai, tambarin gwajin birnin Liyej ne na Beljiyam, inda aka riƙa sayen tsofaffin bindigogin soja ana share zanen cikin bututunsu, ana mayar da su na harbin tsuntsu don kasuwa. Akwai kuma kwaikwayon da maƙeran iyakar Afganistan da Pakistan suka daɗe suna yi, wanda ake ganewa da harafin N da aka juya a kalmar Enfield, ko tambarin V.R. tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a watan Janairun shekarar Sarauniyar ta rasu. Shawarata ita ce a rubuta labarin tsofaffi kamar yadda suka faɗa, da sunan mai faɗa da ranar, a rubuta abin da aka karanta a jikin ƙarfe a wani shafi dabam, kada a gyara ɗaya don ya dace da ɗaya.

Yanzu aka zo tsaftacewa, kuma ƙa'idarta ita ce a yi kaɗan. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja mai gari, wadda ke shafar yatsa in an taɓa, ita ce mai rai da ke ci gaba da cin ƙarfe. Akwai kuma launin ƙasa-ƙasa mai santsi da ya lulluɓe ƙarfen bai ɗaya, wanda shekaru suka saka, yana kare shi, kuma shi masana da masu tarawa suke nema su gani. Ta farko ake yaƙa, ta biyu a bar ta. A fara kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi. A ɗiga man keken ɗinki a kan jar tsatsar a bar shi ya kwana, washegari a kankare a hankali da gefen ɗan guntun tagulla ko ƙashi ko tsinken itace mai ƙarfi, domin duk sun fi ƙarfen bindigar laushi, ba za su karce shi ba. A share da farin tsumma, a sake ɗiga mai, a maimaita kwana uku ko huɗu har tsumman ya daina fitowa ja. Samfefa, soson ƙarfe na wanke tukunya, toka da lemun tsami, ruwan batir, injin gurza na masu walda, duk babu mai kusantarta. Baƙin mai na inji ma a bar shi ga injin ban ruwa, domin yana ɗauke da datti, kuma in ya shiga katako yakan baƙanta shi ya ruɓar da shi.

Cikin bututun, bayan an tabbatar babu ɗuri, ana bi da tsumma mai ɗan kananzir a ɗaure a igiya mai ƙarfi, a zura ta baya a ja ta baki, a canza tsumma har ya fito da haske, sannan a bi da mai kaɗan. Gidan zanzaro a jiƙa shi da kananzir ya yi laushi a turo shi da sandan itace. Rodi ba ya shiga ciki.

Kwance bindigar ba dole ba ne, kuma ga wanda bai saba ba gara ya bari. Sukurorinta suna da siririn tsagi, sukundireban kasuwa ba ya zama daidai a ciki, da ya zame sau ɗaya ya ɓata kan, kuma babu shagon da za a samo madadinsa.

Ƙotar, wadda yawanci daga itacen wolnot na ƙasashen sanyi aka sassaƙa ta, tsumma mai ɗan danshi ya ishe ta, a bi da busasshe nan take, in ta sha iska a shafa kakin zuma kaɗan a murza da tafin hannu. A duba gefen dama na gindin da kyau kafin a murza, domin akan sami zagayayyen tambarin masana'anta ko lambar runduna a wurin. Kada a yi mata fenti ko banish. Ƙusoshin tagulla da aka jera don ado, ɗaurin rama ko fatar da wani kaka ya naɗe tsagewa da ita, layar da aka ɗinke a wuyan ƙota, duk a bar su yadda suke. A ganina waɗannan ne ma suka mayar da ita tamu, domin irinta da ba a taɓa ba suna nan jibge a gidajen tarihin Turai, amma wadda baduku na ƙasar Haɗeja ya yi wa ɗauri ita kaɗai ce. In an ga ƙananan ramuka da gari yana zubowa, ƙwaro na ciki, sai a ware ta daga sauran katako a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi.

Maganar harbawa ita ce matasan gida za su fi matsawa a kai, ko sau ɗaya ne a ji ƙararta. Ni dai amsata a'a ce. Asalin waɗannan bindigogi an tsara su ne don baƙin albarushi, kafin Faransa ta fito da marar hayaƙi a bindigarta ta Lebel a 1886, kuma na zamani yana da matsin da tsohon ƙarfe ba zai ɗauka ba. Harsashin Martini-Henry mai awon .577/450, wanda dalmarsa kaɗai ta kai kamar giram 31, ba a samunsa a nan, kuma cusa mata wani da ya yi kama da shi, ko haɗin gida, hanya ce ta rasa ido ko yatsu, domin in murfi ya fashe fuskar mai harbi ce a bayansa. Masu wannan sha'awa a Ingila da Amurka suna harba nasu, amma sai ƙwararren mai gyaran bindiga ya auna mazaunin harsashi, ya duba tsagewa da zurfin cin tsatsa, sannan su je filin harbi mai izini da tabarau na kariya da abin toshe kunne. Ko su ɗin suna kokawa da naushin da take yi a kafaɗa, kuma a ranar suke wanke bututun da ruwan zafi su busar su shafa mai, saboda ragowar baƙin albarushi yana jan danshi ya haifar da tsatsa cikin kwana ɗaya. Bindigar da ta yi damina ɗari a ƙarƙashin rufin ƙasa, ba wanda ya san abin da tsatsa ta yi mata daga ciki. In an tarar da tsofaffin harsasai tare da ita, kada a buɗe su ko a jefa a wuta ko a masai, a miƙa su ga 'yan sanda.

Wurin ajiya sai a yi la'akari da yanayinmu, wanda ke kai katako ƙarshen bushewa da ƙarshen danshi a shekara guda. Da hunturu ƙota takan tsuke har zobban ƙarfen su yi sako-sako, mutum ya ji kamar ya ƙara ɗaure su. Kada ya yi, domin in Agusta ta zo katakon zai kumbura ya rasa wurin zuwa, sai ya tsage. A ajiye ta a akwati ko kabad mai makulli, a ɗage daga ƙasa saboda gara, nesa da bangon da ke tsattsafo da kuma ɗakin girki. A kwantar da ita, ko a tsayar da ita baki ƙasa a kan ɗan katako don kada mai ya gangara cikin ƙota. Leda tana tara gumi, buhu da fata suna riƙe danshi, fata kuma tana sa tagulla ta yi kore, saboda haka farin zanen auduga ya fi. A ɗaura ƙyalle marar kauri a bakin don hana zanzaro komawa. Duk wanda ya taɓa ƙarfen da hannu a share wurin, domin gishirin gumi yakan bar hoton yatsa da tsatsa. A duba ta sau biyu a shekara, farkon damina da bayan kaka.

Idan hukuma ba ta yarda a riƙe ta ba, ko magada sun ga nauyin ya fi ƙarfinsu, kada a bi ta hannun dillalan kayan da da ke zagaya ƙauyuka. Cinikin bindiga ba izini laifi ne, fitar da kayan tarihi daga ƙasa kuma sai da takardar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke kula da Gidan Makama a birnin Kano. A rubuta wa shugaban gidan tarihin wasiƙa ta hannun dagaci ko hakimi, a haɗa da hotunan da shafuka biyun nan, na labarin tsofaffi da na rubutun jikin ƙarfe, a nemi su shirya ɗaukarta tare da 'yan sanda. Ranar miƙawa a karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar da ke jikin bindigar da sunan gidan da ta fito, a yi kwafi a bai wa kowane ɗaki na magada nasa.